Kanwar da Na Je Saye a Manga

Tun da na dawo daga Manga ban sami sukuni ba. Duk wadda ta shigo gidanmu aron rariya ko ɗibar wuta sai ta tsuguna a bakin murhu ta ce, "To Rabi, ba mu labari." In fara, ɗana Ado ya sa kuka a bayana ko tukunya ta yi bori, labari ya tsinke. Gobe wata ta zo in sake farowa daga jirgi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da ɗan bokon da na samu a ajin manya, wadda ta iya ta karanta wa sauran.

Na ce wa kowa kanwa za ni saye. Kun sani, na sani, akwai kanwa a kasuwar Bagwai. Yarinyar ce ta kai ni. Ita ce ta fari a wurina, don haka ba za ku ga sunanta a nan ba, kamar yadda ba ku taɓa jin sa a bakina ba. Ranar da aka yaye ta Gwaggo Asabe ta goya ta ta tafi da ita. Gwaggo Asabe yayar maigidana ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, tana aure a ƙasar Manga cikin Nijar, wurin masu dafa gishiri. Ran nan ina ɗaki ina tsintar wake, ko leƙowa ban yi ba, har mata suna yaba kunyata. Har ta isa famfara ban sake sa ta a ido ba.

Bara kun ga yadda damina ta yi mana. Gero ya ɗauki ciki ya bushe a tsaye. Sai ga mutanen arewa suna gangarowa, dabbobinsu sun ƙare, suna zaune da 'ya'yansu a gindin itatuwa a hanyar Dawakin Tofa. Duk yarinyar da na gani cikinsu sai in duba wuyanta da ƙafafunta. Na ce a raina, in mu da muke kudu haka muke, ina ga waɗanda ke can? Abinci ya daina wuce mini. Duk ranar da na yi surfe sai in ɗebi tafin hannu ɗaya daga rabona in zuba a wata tsohuwar jakar tsumma.

Maigidan ya lura. Wata safiya yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago ya dube ni ba, ya ce, "Ki je. In kin tarar da yunwa, ki taho da ita. In kuwa suna ci, ki bar wa Yaya 'yarta."

Allah ya gani, tun daga ranar nake roƙon in same ta lafiya. Amma wani gefen zuciyata yana son in tarar da 'yar yunwa kaɗan, daidai wadda za ta ba ni hujja.

Wanda ya raka ni Yaya Habu ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare. Suna hutu. Ya ce shi ma yana da buƙata a can, don makarantarsu ba kayan gwaji, yana son gishiri da kanwa iri-iri da zai nuna wa ɗalibai. Ya zo da wani gilashi mai mariƙi, a naɗe cikin safa, wanda in ka ɗora shi a kan tururuwa sai ta zama kamar fara.

"Ke kanwa, ni gishiri," in ji shi. "In mun dawo sai mu buɗe rumfa."

A Kano muka shiga jirgin Nguru. Ban taɓa shiga jirgi ba. Da ya ja na riƙe hannun Yaya Habu, ya ce in sake shi kada mutane su ce sato ni ya yi. Muka sami wuri kusa da wata tsohuwa mai kaji a cikin akurki. Na tura jakar gerona ƙarƙashin kujera na taka bakinta da ƙafa. Jirgin ya yi ta tsayawa a inda ba gari, maza su sauka su yi salla su dawo su tarar bai ko motsa ba. Duk tsawon hanyar gonaki ne fayau, ko karan da za a yi danga babu.

Can na lura kajin tsohuwar sun yi tsit, ba kuka ba faɗa. Na sunkuya. Ashe ƙusa ta huda jakata, gero na tsiyaya, su kuma sun zuro kawunansu ta akurki suna aiki. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Na durƙusa ina tattarawa da yatsu, da ƙasar da komai. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wa za ki kai wa?"

Na ce, "Wata 'yar dangin miji."

Ta ce, "Uhm. Ta fari ce ke nan." Ta kwance bakin zanenta ta ba ni allura da zare, ta ƙara mini da ƙwai biyu, ta ce bashin kajinta ne.

A Nguru muka sauka gidan wani fatoma mai saukar da fatake, abokin cinikin mijin Gwaggo. Aka kai ni wajen mata. Abin da ya fara tarye ni turaren wuta ne. Matan can ba sa wasa da shi, ko ba su ci ba sai sun turara ɗaki, har Ado ya yi ta atishawa suna dariya. Suka kawo burabusko da miyar busasshen kifi. Ni na saba da tuwo mai haɗe kansa, wannan kuwa kana ɗiba yana watsewa, rabi a baki rabi a cinya. Gaisuwarsu kuma ba ta ƙarewa. Kin amsa kin ɗauka an gama, kin kai loma baki, sai a sake ɗaukowa daga farko.

Lokacin iyaka a rufe take, motoci ba sa wucewa. Wata akori-kura ta kai mu ƙauyen ƙarshe, daga nan sai raƙumi. Wadda duk ta ce muku hawan raƙumi daɗi ne, ba da goyo ta hau ba. Ba wanda ya gaya mini da ƙafafun baya yake fara tashi. Na tafi gaba kamar zan faɗo ta wuyansa, ɗankwalina ya yi nasa wuri, mai raƙumin ya tsinto mini shi da sanda yana kawar da kai.

A kan wani tudu muka tarar da soja a inuwar aduwa. Na ce a raina shi ke nan, a nan za a mayar da mu. Ya tambayi inda za mu, Yaya Habu ya ce zumunci. Ya buɗe kayanmu, ya ga daddawa da kuka da gero, sai ya kai ga safar nan. Ya juya gilashin ya ce wannan fa? Yaya Habu ya kama hannunsa ya ɗora masa a tafi. Ashe akwai ƙaya da ta karye masa a gindin babban yatsa, ta hana shi sakat, ya kasa ganin kanta. Sai ga ta ƙatuwa kamar tsinke. Yaya Habu ya riƙe gilashi, ni na cire ta da allurar tsohuwar nan. Sojan ya ce mu wuce, mu gai da mutanen gida.

Garin su Gwaggo a cikin kwari yake. Kina tafiya cikin yashi ba komai, sai ƙasa ta faɗa, ki hango goruba da dabino a ƙasa, da wani fili fari fat kamar an shanya gari. Wannan farin shi ne arzikinsu. Suna kankare shi su zuba a manyan kwanduna masu tsinin gindi, su kwara ruwa, ruwan gishiri ya riƙa ɗiga a kwatarniya. Sai a zuba a ƙananan tukwane da aka jera a kan dogon murhu, a yi ta wuta da itacen goruba ana ƙara ruwa, har tukunya ta cika da gishiri. A fasa ta, ga mangul. Shi ne wanda muke saya muna ba dabbobi, ban taɓa tambayar daga ina yake ba. Matan can suna fita a yi aikin da su, ba mai cewa komai. Ruwan rijiyarsu kuwa kanwa-kanwa ne, kwanakin farko cikina bai yafe mini ba.

Gwaggo ta rungume ni, ta karɓi Ado tana juya shi tana cewa ga ɗanta ya zo. Muna cikin gaisawa aka yi sallama da ƙaramar murya. Na san ita ce tun kafin ta shigo. Na mayar da idona kan bango. Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar ruwa a gabana, abin da na gani kawai hannayenta ne, daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Hannaye ne mulmul, har da ɗan ramin nan a bayan kowane yatsa. Ba hannun mai yunwa ba ne.

Na sha ruwan don in sami abin da zan rufe fuskata da shi.

Ashe gishiri ba ruwansa da damina, fari ma shi yake so. Su ma sun rasa gonakinsu da yawancin awakinsu, amma fatake suna zuwa daga kudu da dawa da masara su yi musaya da mangul. Ba wadata ba ce, amma safe da yamma ana ɗora tukunya. Da na ga buhunan dawa a ɗakin Gwaggo sai na ji kunyar jakata mai ɗinki a gindi, na tura ta bayan tabarma. Gwaggo ta gani. Ta jawo ta, ta buɗe, ta ɗebo ta shinshina ta ce, "Geron gida. Rabona da irinsa tun zuwana gida na ƙarshe." Ta dake shi da kanta ta yi fura, ta dama, ta miƙa wa yarinyar ita kaɗai. Ina jin ƙarar ludayi a ƙwarya, ban waiwaya ba.

Haka muka yi kwanaki. In ta shigo ta nan, in kalli can. Hausarta kaɗan ce, yaren Manga take yi, da shi take dariya, da shi take rigima da ƙawayenta. Gwaggo take kira Inna. Ni kuwa in za ta ambace ni sai ta ce baƙuwar Kano. Da Yaya Habu suka saba tun ranar farko, shi ba ruwansa, kawu ne, yana ɗaga ta sama yana kiran sunanta yadda ya ga dama.

Yaran garin suna da wani wasa. Kowa ya sami ɗan ƙoƙo ya ɗebi ruwan gishiri daga kwatarniya, ya tsoma tsinken ciyawa, ya ɓoye a inuwa inda akuya ba za ta kai ba. Ruwan yana ƙafewa a hankali, ƙwayoyin gishiri suna fitowa a jikin tsinken. Wanda ƙwayarsa ta fi girma shi ya ci. Wani hantsi yarinyar ta ja Yaya Habu bayan ɗaki ta nuna masa nata. Baba Kyari, mijin Gwaggo, ya bi su. Ni ina daga gefe ina tankaɗen kuka, kunnena na wurinsu.

Sai Yaya Habu ya ce, "Rabi, zo ki ga wani abu."

Na ce ina aiki.

Ya ce, "Kukar nan tun ɗazu ta gama tankaɗuwa, rariyar kike wahalarwa. Zo."

Na je na tsuguna. Na miƙa hannu zan ɗauki ƙoƙon, sai ta cafke wuyan hannuna ta ce, "Kada ki girgiza." Maganar da ta fara yi mini ke nan a duniya. Yatsunta da ɗumi, da ɗan danshin gishiri.

Yaya Habu ya riƙe gilashin a kan tsinken ya ce mu leƙa tare. Gilashin ƙarami ne, dole kaina ya matso kusa da nata. Abin da na gani, ɗaki ne. Ɗan ƙaramin ɗaki mai kusurwa huɗu, garau kamar ƙanƙara, bangonsa a miƙe kamar magini ya ja igiya. A samansa akwai matakala tana gangarawa ciki, kowace a cikin 'yar'uwarta. Kusa da shi ga wani, ga wani, manya da ƙanana, duk gini ɗaya. Tun ina yarinya nake barbaɗa gishiri a miya ban san ɗakuna nake zubawa ba. Gashinta yana taɓa kumatuna, yana ƙanshin man shanu da hayaƙin goruba.

Na ce, "Wa ya yanka su haka?" Don dai in daɗe a wurin.

Yaya Habu ya ce, "Ba wanda ya yanka. Kin tuna yadda Baba yake shuka? Ramin gero, ramin wake, ramin gero, ramin wake. To gishiri abu biyu ne suka haɗu, ƙanana ƙwarai, ko gilashin nan ba ya nuna su. Haka suke jeruwa, wannan kusa da wancan, gabas da yamma, kudu da arewa. Sai dai su har sama suke hawa, kamar a ɗora gona a kan gona. In jeri ya tafi daidai ta kowane gefe, dole abin ya fito da kusurwa huɗu."

Baba Kyari ya ce, "Malam, ka ce ba a ganinsu. To wa ya je ya ƙirga maka layin?"

"Irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti aka haska wa gishiri. Yadda hasken ya watsu da ya fito, shi ya nuna yadda suke a jere."

"Wato gishirina ma yana da ƙashi. Gobe sai in ƙara masa kuɗi."

Yaya Habu ya ɗauki wata ƙwaya daga bakin kwatarniya, ya ɗora wuƙa ya ɗan buga. Ta rabe sumul, kowane ɓari da kusurwarsa huɗu. Ya ce ta kan layin take tsagewa, kamar yadda kara ke bin tsawonsa. Ya ɓantaro kanwa ya sa a ƙarƙashin gilashin, ita kuma sai ga ta kamar damin allurai, ya ce nata jerin daban ne. Na tambaye shi me ya sa na cikin tukwane ba ya yin manyan ɗakuna. Ya ce wuta tana gaggauta shi, ko'ina sai ya fara gini a lokaci ɗaya, ba wanda zai girma. Na ƙoƙon kuwa an bar shi a hankali. Duk wannan bayanin ina ji, ina kuma jin numfashinta a gefen kunnena. Da tambayoyina suka ƙare na rasa wata, sai na tashi na koma wurin rariyata.

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, Gwaggo ta ce in raka ta rijiya. Muka cika tulu, ba ta ɗauka ba. Ta zauna a bakin rijiyar tana wanke ƙafa ta ce, "Rabi, kanwar Bagwai ƙarewa ta yi?"

Na sunkuya ina gyara gammon tulu.

Ta ce, "Ni ma mace ce, ko ban haifa ba. Ba zan ce ki ɗauke ta ba, bakina ba zai iya ba. Amma in kin ce, ba zan hana ki ba. Ke kika yi naƙudarta. Ƙanena ma in ya yi magana, ki ce ni na ba ki."

Ga abin da na baro gida dominsa, an ajiye mini a gabana. Kalma ɗaya ce. Na hango yarinyar can ƙofar gida da kwanon tuwon rana a cinya, ta ci ta ƙoshi, tana gutsurar sauran tana ba wata 'yar akuya. A gidanmu rabon da a bar saura a kwano tun kafin sallar layya. Sau ɗaya muke ɗora tukunya, ranar da aka ɗora. Nonona ma Ado ja kawai yake yi. Na duba ƙafafun Gwaggo, ta wanke su tas amma ba ta daina zuba musu ruwa ba.

Na ce, "Wace magana ce wannan, Gwaggo? Ni kanwa na zo saye."

Ta goge fuska da bakin zane. Sannan ta ce ruwan nan yana sa mata ƙaiƙayin ido, in taimaka in ɗora mata tulun.

Da safe aka fito rakiya. Raƙuman suna jiranmu a saman tudu. Gwaggo ta ƙulla kanwa a tsumma ta ɗora wa yarinyar a ka, ta yi mata magana da yarensu, yarinyar ta wuce gaba. Sai Gwaggo ta riƙe rigar Yaya Habu ta fara ba shi saƙon gaisuwa, gida-gida, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Ta dube ni ta ce, "Ke bi ta, kada ta zubar."

Na bi ta. Hanyar siririya ce, ita a gaba, ni a baya, ba kowa a gefenmu. Tun ranar da aka yaye ta ban sami kallonta ba sai a hawan tudun nan. Na rage sauri, ita ma yashi yana jan ƙafarta. Da muka kai sama ta sauke ƙullin a gaban mai raƙumi, ta ɗan rusuna ta ce, "Ki sauka lafiya," yadda aka koya mata. Ta juya ta gangara da gudu, hannuwa a buɗe.

Dawowa ba wani labari. Kanwar na rarraba muku, kun ce ta fi ta kasuwa kyau.

Kuna yawan tambayata wa ta ɗauko, ni ko ubanta. Wallahi ban sani ba, ban kalli fuskarta yadda zan iya faɗa ba. Amma kitsonta guda biyar ne, na tsakiyar ya ɗan karkace. Akwai tabo ƙarami a bayan kunnenta na hagu, ban san me ya same ta ba, ban kuma tambaya ba. In tana hawan tudu da kaya takan sa hannu ɗaya a ƙugu kamar wata babbar mace. Wuyanta dogo ne, da wani ɗan kwari a ƙeya inda gumi ke taruwa ya gangara cikin riga. Wannan in kuna so ku tambaye ni, na san shi sarai.